Kati na huɗu: Inda kuɗin ɗan karta ke nutsewa, daga Las Vegas zuwa fadar samarin Magaria

Da zarar an gama girbi a ƙasar Magaria da Dungass, an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, an kakkaɓe riɗi an kai kasuwa, sai zaman fada ya dawo da ƙarfinsa. Bayan sallar isha'i samari kan jera benci a ƙofar gida, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, can sai wani ya zaro karta daga aljihu.

Galibin wannan wasa na kashe lokaci ne. Wanda aka cinye a yi masa tsiya, iyakarta ya sayo sukarin shayin gobe. Amma kowa a gari ya san akwai wani zaman daban, wanda ba a yi a ƙofar gida, inda ake ajiye kuɗi a tsakiyar tabarma. Yanzu kuma an sami zama na uku da ba ya buƙatar tabarma ko abokin hira: babbar waya da 'yar data sun isa.

A cikin wasannin da manhajojin waya ke tallatawa akwai wani nau'in poka mai kati huɗu a hannu, ana kiran sa Omaha. Ba wasan tabarmar Hausawa ba ne, gidansa manyan gidajen cacar Amurka da Turai. Sai dai ga wanda ya saba da belot ko wot, kallon farko yakan sa ya ɗauka abu ne mai sauƙi. A nan gizo ke saƙa, musamman a wani zagaye guda na wasan, lokacin da aka buɗe kati na huɗu a tsakiyar tebur.

Tsakanin sefa da naira

Gundumomin biyu suna kudancin jihar Damagaram, a bakin iyakar Nijar da Najeriya. Dungass ta zama gunduma mai cin gashin kanta ne a 2011, bayan an cire ta daga Magaria, ta tafi da Dogo-Dogo da Gouchi da Malawa. Magaria ta rage da Bandé da Dantchiao da Kwaya da Sassoumbroum da Wacha da Yékoua. Ƙidayar 2012 ta nuna sama da mutum 570,000 a gundumar Magaria, da sama da 350,000 a ta Dungass.

Wanda ya bi ta Tinkim zai faɗa Babura a jihar Jigawa. Mutanen Dungass kuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari, mai ci ranar Alhamis, kamar ta gida ce a wurinsu. Aljihu ɗaya na ɗauke da sefa da naira, kuma samarin da ke tafiya cin rani Kano ko Legas suna dawowa da abin da suka gani a can, har da wasanni.

Shi ya sa a yankin ake iya tarar da gadon Faransa da na Ingila a kan tabarma guda. Belot daga Faransa ta zo: kati 32, mutum huɗu, biyu-biyu suna haɗa kai, maki 162 a kowane rabo. Wot kuwa, mai kati 54 da zanen da'ira da tauraro da kuros, an ƙirƙire ta a Ingila a shekarun 1930, amma a Najeriya ta sami gida. Kafin su duka akwai dara, wadda dattawa ke haƙa wa gurbi 30 a cikin rairayi, kowa da 'ya'yansa 12.

Bambancin waɗannan da poka babba ne. A dara komai a fili yake, babu abin da ke ɓoye sai tunanin abokin karawa. A belot ana ƙirga maki ne, wanda ya iya tuna katunan da suka fita ya fi samun galaba. A poka kuwa kuɗin da kansa shi ne abin wasan. Ana tambayar mutum har sau huɗu a hannu guda: za ka ƙara, za ka bi, ko za ka zubar?

Yadda ake buga Omaha

Ana amfani da cikakkiyar karta mai kati 52, iri huɗu, waɗanda 'yan belot suka fi sani da sunayensu na Faransanci: ker, karo, pik da tirefil. Kowane ɗan wasa ana ba shi kati huɗu a rufe. Sai a yi zubin farko. Daga nan a buɗe kati uku a tsakiya, na kowa da kowa, a sake zubi. Sai a buɗe na huɗu, wanda Turawa ke kira da kalmar da ke nufin juyi, a sake zubi. Sai na biyar, na ƙarshe, a yi zubin ƙarshe a buɗe hannu.

Ana neman haɗin kati biyar mafi ƙarfi. 'Yan uku, wato kati uku masu lamba ɗaya, sun fi tagwaye. Jeri, wato lambobi biyar a jere, ya fi 'yan uku. Kati biyar iri ɗaya sun fi jeri. Cikakken gida, wato 'yan uku haɗe da tagwaye, ya fi su duka, sai 'yan huɗu da jeri mai iri ɗaya ne kawai ke sama da shi.

Akwai doka guda da sabon shiga ke yawan mancewa: dole ne a yi amfani da kati biyu cif daga hannu, da uku cif daga tsakiya. Ko da ker huɗu ne a kan tebur, mai riƙe da as ɗin ker shi kaɗai bai haɗa komai ba. Mutane da yawa sun tura duk abin da ke gabansu kafin su gane wannan.

Tarihin wasan bai yi nisa ba. A farkon shekarun 1980 wani ɗan wasa mai suna Robert Turner ya kai shi wurin Bill Boyd, mai kula da ɗakin poka na gidan cacar Golden Nugget a Las Vegas, daga nan ya bazu. Ita kanta poka ta shiga gidajen mutane ne sosai bayan 2003, shekarar da wani akawu mai suna Chris Moneymaker ya sami gurbi ta intanet da kuɗin da bai kai dalar Amurka 100 ba, ya je ya lashe babbar gasar duniya ta Las Vegas da dalar Amurka miliyan 2.5. Labarinsa ne masu talla suka daɗe suna yawo da shi. Na dubban da suka zuba kuɗi a shekarar suka tashi hannu rabbana ba ya shiga talla.

A nau'in poka mai kati biyu a hannu, haɗin da mutum zai iya farawa da shi 1,326 ne. A Omaha 270,725 ne. Kati huɗu na ba kowa haɗin biyu-biyu har guda shida, don haka kusan kowa a teburin yana ganin yana da abin da zai jira. Wannan shi ne daɗin wasan, shi ne kuma tarkonsa.

Me ya sa sai kati na huɗu?

Dalili na farko girman kuɗi ne. An fi buga Omaha da ƙa'idar cewa mutum ba zai zuba fiye da abin da ke cikin tulin tsakiya ba. Jin haka sai a ɗauka sassauci ne. Ga yadda lissafin yake.

A ƙaddara akwai jika ɗaya, wato sefa 1,000, a tsakiya lokacin da aka buɗe kati ukun farko. Wani ya zuba jika ɗaya, ɗayan ya bi, tuli ya zama jika uku. Aka buɗe na huɗu, ya zuba jika uku, aka bi, tuli ya zama jika tara. Aka buɗe na biyar, ya zuba jika tara. Wanda ya bi tun daga farko har ƙarshe ya fitar da jika 13 a kan hannun da ya fara da rigimar jika guda. Kowane zagaye yana ninka na baya sau uku, kuma a kati na huɗu ne kuɗin ke tashi daga na shayi ya koma na cefane.

Dalili na biyu, damar jira ta ragu da rabi. Bayan kati ukun farko, mai jiran wani kati yana da ƙofa biyu. Bayan na huɗu saura ɗaya. Farashi ya ninka sau uku, dama kuma ta ragu. Babu ɗan kasuwar da zai yarda da irin wannan ciniki a Maigatari, amma a kan tebur ana yin sa kullum.

Dalili na uku, katin yakan juya wasan gaba ɗaya. Misali an buɗe 9 da 8 da 2, kowanne da irinsa. Mai riƙe da 9 guda biyu yana da 'yan uku mafi girma, a wannan lokacin babu mai kayar da shi. To amma duk 5 ko 6 ko 7 ko 10 ko J ko Q da ta faɗo a na huɗu za ta iya ba wani jeri. Kati 24 ke nan daga cikin 45 da bai gani ba, fiye da rabi. Sarkin tebur na minti ɗaya da ya wuce ya koma mai addu'a. Idan kiɗa ya canja, rawa ma dole ta canja, kuma ƙwararrun wasan sun fi sauran saurin yarda da hakan.

Ƙirgen katunan ceto

Duk dabarar wannan zagaye ta rataya ne a kan tambaya biyu. Kati nawa ne za su cece ni? Nawa ake nema in biya don in ga na ƙarshe?

Bayan kati na huɗu, ɗan wasa ya ga takwas: huɗu nasa, huɗu na tsakiya. Saura 44. Idan yana da karo biyu a hannu, akwai biyu a tsakiya, to saura karo tara a cikin 44 ɗin. Damarsa kashi 20 da ɗan ɗoriya ce cikin 100, sau ɗaya cikin biyar ke nan.

Yanzu farashi. Akwai jika uku a tsakiya, abokin karawa ya zuba jika uku. Mutum zai sa jika uku don ya ci jika shida. Kafin wannan ciniki ya mayar da uwar kuɗi, sai yana cin nasara sau ɗaya cikin uku. Shi kuma sau ɗaya cikin biyar yake da shi. Da za a maimaita wannan hannu sau 44, zai ci sau tara, ya kwashi jika 54. Zai faɗi sau 35, ya yi asarar jika 105. Giɓin jika 51 ne, wato fiye da sefa 1,100 a duk lokacin da ya ce na bi.

Matsalar ita ce sau taran nan da ya ci su yake tunawa. Su ne ake ba da labarinsu a fada. Sau 35 ɗin kuwa sunansu rashin sa'a.

Gaskiya ne, masu wasan suna da hujjar cewa idan katin ya zo za a ƙara cin wani abu a zagayen ƙarshe. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma karo na uku a tsakiyar tebur ba ya ɓuya. Duk mai ido zai gan shi ya kama kansa, don haka ribar da ake hange sau da yawa ba ta zuwa.

Kati 20 da suka koma 10

Inda Omaha ta fi ruɗar mutane shi ne jeri. A ƙaddara wani matashi ne, ya sayar da buhun riɗinsa, ya tura kuɗin cikin waya. An ba shi J da 10 da 7 da 6, babu karo ko ɗaya a ciki. A tsakiya an buɗe 9 na tirefil, 8 na karo, 2 na ker. Kati na huɗu ya zo K na karo.

Ya ƙirga abin da zai ba shi jeri: Q huɗu, J uku, 10 uku, 7 uku, 6 uku, 5 huɗu. Jimla 20 cikin 44, kashi 45 cikin 100. Tunda kashi 33 kawai ake buƙata, sai ya ga ai wannan garaɓasa ce.

Ƙwararre ba ya tsayawa a nan, yana sake tacewa. Idan J ce ta zo, matashin ya haɗa jeri daga 7 zuwa J, amma mai riƙe da Q da 10 ya haɗa wanda ya fi shi. Idan 10 ce, mai Q da J ya kayar da shi. Shida sun fita daga sahun masu tabbas, saura 14. Cikin 14 ɗin nan akwai Q da 7 da 6 da 5 na karo. Kowannensu zai ba shi jeri, amma zai zama karo na uku a tsakiya, wanda ke nufin duk mai karo biyu a hannu ya wuce shi. Huɗu sun sake fita. Katunan da za su ba shi hannun da ba a kayarwa guda 10 ne, ƙasa da kashi 23 cikin 100.

Ba wai sauran goman ba su da amfani sam. Idan mutum biyu ne kacal a hannun, sau da yawa ƙaramin jeri ma yana ci. Amma idan mutum huɗu ko biyar suka biyo, kowa da haɗinsa shida, zai yi wuya a ce babu mai karo biyu a cikinsu. Mafi muni a wannan wasa ba shi ne katinka ya ƙi zuwa ba, domin a lokacin zubarwa kake yi ka huta. Mafi muni shi ne ya zo, ka yi murna, ka tura sauran kuɗin, sannan a buɗe maka wanda ya fi naka. Ganin kitse ake wa rogo.

Wanda ke gaba ma bai tsira ba

Mai hannu mafi ƙarfi a wannan zagaye shi ma yana da nasa aikin. Babban kuskurensa shi ne lallaɓawa don ya jawo mutane. A wasan da kowa ke jiran wani abu, barin mutum ya ga katin ƙarshe kyauta kamar buɗe wa akuya ƙofar rumbu ne. Abin da masana wasan ke koyarwa shi ne ya zuba da nauyi, yadda duk mai son jira zai biya farashin da ya fi ƙarfin damarsa.

Amma ko a nan akwai rami. Mutum biyu na iya riƙe jeri iri ɗaya, mafi girma. Na farko jerin ne kawai gare shi. Na biyu yana da jerin, kuma yana da karo biyu da ke jiran na uku a tsakiya. Idan suka tura komai, na biyun ba zai taɓa faɗuwa ba: ko dai a raba kuɗin, ko kuma kusan sau ɗaya cikin biyar ya kwashe duka. Na farkon ya sa dukiyarsa ne a cinikin da mafi alherinsa shi ne a mayar masa da abinsa. Shi ya sa gogaggu ba sa tambayar ƙarfin hannu kawai, suna tambaya ko hannun yana da hanyar ƙara girma.

Mai 'yan uku da aka riga aka wuce da jeri yana da kati 10 da za su ba shi cikakken gida ko 'yan huɗu. Kashi 23 ne cikin 100, bai kai farashin cikakken zubi ba. Zubar da 'yan uku yana da ciwo, kuma da yawa ba sa iyawa.

Wurin zama shi ma jari ne. Wanda magana ke zuwa kansa a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara. Idan duk sun yi shiru zai iya ganin katin ƙarshe ba tare da ya biya ko dala ba, ko kuma ya yi burga. Burgar ma tana da ƙa'ida. Idan karo uku ne a tsakiya, mutum kuma yana riƙe da as ɗin karo shi kaɗai, bai haɗa komai ba, amma ya tabbata babu wanda ke da haɗin karo mafi girma, tunda katin yana hannunsa. Da wannan sanin yake zuba kuɗi ya kori masu ƙananan karo. Sai dai burga tana aiki ne a kan mai jin tsoro. Wanda ya rantse sai ya ga ƙarshe, ba a yi masa burga.

Kuɗin da ya shiga tuli ba naka ba ne

Duk littattafan koyar da poka sun haɗu a kan magana guda: abin da mutum ya riga ya zuba ya fita daga hannunsa, bai kamata ya shiga lissafin shawarar da ke gabansa ba. Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Zuciya cewa take yi, na riga na sa jika huɗu, yaya zan bar su? Da wannan tunanin ake bin jika huɗu da jika tara.

Ba a karta kaɗai ake ganin wannan ba. Mai babur ɗin haya da ya kashe kuɗi sau uku a kan injin da ya gaji yakan kai shi gyara na huɗu saboda na ukun da suka wuce. Bambancin shi ne babur yana ba mutum kwanaki ya yi tunani, ya shawarci wani. Manhaja tana ba shi 'yan daƙiƙoƙi, agogo na bugawa a fuskar waya.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna lissafa bin asara, wato komawa wasa don a fanshe abin da aka rasa, a cikin manyan alamomin cutar caca. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cuta a kundinta na cututtuka, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a watan Janairun 2022, kuma ta ajiye ta ne a sashe ɗaya da sauran ɗabi'un da ke kama mutum kamar yadda ƙwaya ke kamawa. Kati na huɗu ƙaramin hoton wannan ɗabi'a ne a cikin minti guda. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma a nan an riga an tashi, an yi taku biyu, ana kallo.

Mai gida ba ya faɗuwa

A ce mutum ya haddace duk wannan lissafi. Saura abu ɗaya da ba ya cikin katunan: kamashon mai gida. Gidajen poka, na gini da na intanet, suna cire wani kaso daga kusan kowane tuli, galibi wajen kashi biyar cikin 100 zuwa wata iyaka.

A ƙaddara mutum shida suka zauna, kowa da jika goma, jimla jika 60. A ce matsakaicin tuli jika huɗu ne, kamasho sefa 200. A ce ana buga hannu 60 a awa guda, abin da ba shi da wuya a waya tunda ba a jiran a gauraya kati. Mai gida na ɗaukar jika 12 a kowace awa. Cikin awa biyar ya kwashi daidai da duk abin da mutum shidan suka zo da shi. Teburin bai watse ba ne kawai saboda ana ta sake zuba sabon kuɗi.

Ma'anar wannan ita ce iya wasa daidai da sauran mutane bai isa ba. Sai mutum ya fi su da tazarar da za ta biya kamasho ta bar saura. Kuma wanda ke zaune a Wacha ko Gouchi bai san da wa yake karawa ba. Zai iya zama wani da ya buga dubban ɗaruruwan hannu, yana da manhajar da ke lissafa masa kowane kaso, yana buɗe da tebur shida a lokaci guda. Ga kuma matsalar da ba ruwanta da gwaninta: layin waya ya yanke a tsakiyar hannu, bayan an riga an zuba kuɗi.

Addini da hukuma

A yankin da kusan kowa Musulmi ne, hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne. Alƙur'ani ya ambace ta da sunan maisir a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, sannan ya haramta ta tare da giya a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, inda aka danganta ta da haddasa gaba tsakanin mutane da shagaltarwa daga salla. A kan karta ko dara da babu kuɗi a ciki ne malamai suka yi saɓani. Da zarar kuɗi ya shiga, babu saɓani.

A gefen hukuma kuwa lamarin ya bambanta daga wannan ƙetaren iyaka zuwa wancan. A Nijar gwamnati na da kamfaninta na caca, LONANI, wanda ke gudanar da cacar tseren dawakin da ake yi a Faransa. A Najeriya, ranar 22 ga Nuwamban 2024, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. A shekarar ce kuma Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birnin.

Shago yana da ƙofa da za a garƙame. Tabarmar bayan gari ma ana iya kai mata samame, kuma mai zuwa wurin yana fargabar a gan shi a gaya wa mahaifinsa ko surukinsa. Wannan kunyar ta daɗe tana aikin da doka ba ta yi. Wayar da ke cikin aljihu ta cire ta. Saurayi na iya zama a tsakiyar fada, kofin shayi a hannun hagu, abokai na ta gardamar ƙwallo, shi kuma yana yanke shawara a kan kuɗin takin baɗi ba tare da na kusa da shi ya sani ba.

Hanyoyin tura kuɗi da suka sauƙaƙa wa ɗan cin rani aiko wa iyayensa cefane cikin minti biyu, su ne kuma suka rage nisan da ke tsakanin rumbu da tebur. A da sai mutum ya ɗauki tiya goma ta gero ya kai kasuwa ido na ganin ido, matarsa ta ga rumbu ya ragu. Yanzu lamba ce ke sauka a fuskar waya.

Lokacin ma yana da nasa tasiri. Kuɗi na shiga hannun manomin kudancin Damagaram ne daga Oktoba zuwa Disamba, sai masu rake da kayan lambu na fadamun Korama da ke samun nasu a rani. Daga nan sai a jira har damina ta zagayo, a bi ta watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, farashin hatsi ya hau, asibitin yara na Magaria kuma ya cika da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Jika 13 da aka bi hannu guda da su a daren hunturu, a watan Agusta ake jin zafinsu, ranar da aka tsaya gaban mai awo ana tambayar kuɗin tiya.